Yadda Na Kamo Fatalwar Sahabi

Na san kun sha jin maganar nan gutsi-gutsi, kowa da irin tasa. Wasu sun gaya muku na saki uwar yayanku Bello da tsohon ciki. Wasu sun ce fatalwa ce ta ƙwace mini mata, shi ya sa Bello ya tashi a ƙetaren iyaka yana jin Dandanci da Faransanci fiye da Hausa. Kunya ta hana ku tambayata, ni ma ban taɓa buɗe baki ba. Yanzu da duk waɗanda abin ya shafa suka riga mu gidan gaskiya, sai ni kaɗai, gara ku ji daga bakina.

Ina da aboki tun muna yara a Bagudo, sunansa Sahabi. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi karatun allo. Ni na zama tela, shi kuwa ya kama fataucin ruwa, yana loda busasshen kifi a jirgi ya haura kogin Kwara har wajen Gaya, ya sauko da gishiri. Ya auri Kulu, 'yar Zagga, ni ne ma babban abokin ango. Ba su daɗe da aure ba, a daminar da ta gabaci shekarar 'yancin kai, dorina ta kife jirginsu can sama wajen iyakar Dahome, ƙasar da yanzu kuke kira Benin. Kaɗan suka fita, sauran ruwa ya ci. Bayan 'yan kwanaki masunta suka tsamo gawa a ƙasa da mashigarmu, ta kumbura, kifi ya gama da fuskar. Kawunsa ya dubi rigar da ke jikinta ya ce ta Sahabi ce. Muka yi salla, muka binne. Da hannuna na zuba ƙasa.

Kulu ta gama takaba ba ta da inda za ta koma, uba ya rasu, uwa ta yi aure nesa. Uwar Sahabi, Iya Tumba, ita ta kira ni.

"Arzika," in ji ta, "yarinyar ga ta shiga raina. In kana so, na hi son ta zamna gidan da nis sani."

Ina so kuwa. Aka tambayi Kulu, ta yarda. Ba zan ɓoye muku ba, watannin da suka biyo baya ban taɓa jin daɗin duniya kamarsu ba. Mace ce marar yawan magana, amma in ta yi dariya har Inna, mahaifiyata, da ba a ganin haƙorinta, sai ta taya ta.

A lokacin ina ganin kaina wayayye. Na shiga ajin yaƙi da jahilci na iya karanta jarida, ana ta maganar Turawa za su tafi, ni kuwa na ɗauka duk tsofaffin tsoro za su bi su. Ni da wani abokina Nomau, mai gyaran keke, wanda ke da tocila, muka ɗora wa kanmu aiki: duk inda aka ce akwai abin tsoro sai mun je mun gani da ido. An ce wata kuka a bayan gari tana ci da wuta, muka je muka tarar da mai ɗibar zuma da bakin wutarsa. An ce ana jin kukan jariri a tsohon bariki, ashe akuya ce ta faɗa busasshiyar rijiya. Gari ya sa mana suna 'yan farautar fatalwa. Tsofaffi suna Allah ya shirye mu, samari suna cika mini shago don jin labari. Na saba komawa gida da dariya.

Ranar bikin 'yancin kai gari duka ya fita fili wajen makaranta, ana kiɗa, yara na kaɗa tuta. Har Inna ta tafi. Kulu ce kaɗai ta rage a gida, don ciki ya fara kama ta, laulayi ya hana ta sakat. Da la'asar na dawo na same ta zaune a ƙasa, ta jingina da bango, leɓɓanta sun bushe, ido a buɗe ba ta ko ƙiftawa.

"Ya zo," in ji ta.

"Wa?"

"Marigayi. Nan yat tsaya bakin ƙohwa, da malhwa bisa kai. Na so in tashi na kasa, na so in yi kira murya ta ƙiya. Yad dube ni, yad dube ni, kana yat tahi."

Na yi dariya, na ce mata dannau ne. Kun dai san shi: mutum ya farka yana ganin ɗakin da yake kwance, amma ko yatsa ya kasa ɗagawa, ya ji kamar an ɗora masa turmi a ƙirji, wani lokaci har ya ga wani abu tsaye a kansa. Na ce ta sha ruwa, ta manta.

Ba ta manta ba. Tun daga ranar abin ya dinga zuwa mata, da dare da rana, ko gyangyaɗi ta yi. Sai ta ga Sahabi jiƙe sharkaf ya durƙusa a kan ƙirjinta, ruwa na ɗiga mata a fuska. Inna ta sa wuƙa a ƙarƙashin matashinta, ta turara ɗaki, aka karɓo rubutu daga liman. Ni kuma na bi tawa hanyar. Wani malamin asibiti da ya zo daga Kamba yin lambar rigakafin agana ya ce mini ba aljani ba ne, ido ne ke riga jiki farkawa. Maganar ta zauna mini, na shiga tambayar duk wanda ya kawo ɗinki ko dannau ya taɓa kama shi, kuma me ya gani. Abin da na ji ya ba ni mamaki, don kusan kowa ya taɓa. Masunci ya ga kada, mai kiwo ya ga kura, wani tsohon soja ya ga Baturen da ya mutu a gabansa a wajen yaƙi. Yawancinsu a rigingine suke kwance, da gajiya ko damuwa. Na kwaso duk wannan na kawo wa Kulu da murna, kamar na kawo magani. Na ce kowa abin da ke ransa yake gani.

Ta saurare ni har na gama.

"Maigida, na yarda da na baya," in ji ta. "Amma na hwarkon daban ne. Sauran danne ni sukai. Shi bai taɓa ni ba. Har warin kihi naj ji."

Na ce shi ma mafarki ne. Ta daina gaya mini. Ta koma tsoron barci, sai ta kwana zaune tana jan carbi. Ciki na girma, ita tana ramewa, har awarwaronta ya fara zamewa zuwa gwiwar hannu. Maƙwabta suka fara cewa ta taɓu. Na ji Inna na gaya wa ƙanwarta a madafi cewa in aka ci gaba haka, ko uwar ko ɗan, ɗaya ba zai kai ba.

Ana cikin haka, da rani, wata mai sayar da daddawa ta dawo daga wata kasuwa a cikin Dahome ba kaya ba ɗankwali. Ta rantse ta ga Sahabi zaune a rumfa yana ɗinkin ƙwarya. Kafin magariba labari ya gama gari. Ba wanda ya yi gardama, don an daɗe ana cewa mamaci kan bayyana a garin da ba a san shi ba, ya kama sana'a kamar kowa, ranar da wani nasa ya kira sunansa sai ya ɓace. Ni kuwa na ga dama ta samu. Na ce da Nomau mu je mu gano mutumin nan mai kama da Sahabi, mu ji sunansa da na ubansa, in ya yiwu mu zo da shi Kulu ta gan shi, hankalinta ya kwanta.

"In ka kira shi ya ɓace hwa?" in ji Nomau.

"Sai mu kwashi ƙoren mu sayar," na ce, muka yi dariya.

Muka ƙetare gulbi, muka wuce Illo a kan keke ɗaya, muka gaisa da jandarma, 'yan sandan can, a iyaka, ranar kasuwa da hantsi muka isa. Rana fes, mutane cunkus, mata na ciniki da Dandanci. Muka bi layin masu ƙwarya ina ta zolayar Nomau. A rumfar ƙarshe wani mutum na sunkuye da basilla a hannu, da wani dogon tabo daga goshi har bayan kunne inda gashi bai fito ba. Ya ɗago kai.

Nomau ya saki keke ya faɗi, ya ja da baya yana salati har ya take wa wata mata tumatir. Ni ban iya ja da baya ba. Hayaniyar kasuwar ta yi nisa kamar na nutse a ruwa. Na tuna na zo in kira suna, na kasa. Ni da na shekara ina yi wa mutane dariya, sai ga ni ina duba ƙasa in ga ko yana da inuwa. Yana da ita.

"Arzika," in ji Sahabi. "Zamna, kar ka hwaɗi. Ban mutu ba."

Ya kama hannuna ya zaunar da ni. Hannun da ɗumi, ya yi kanta. Ya fasa goro ya ci rabi ya ba ni rabi, na riƙe na kasa kaiwa baki. Abin da na fara cewa shi ne, ai ni na zuba masa ƙasa.

Ya ba ni labari a hankali, don maganarsa ta ɗan yi nauyi. Ranar haɗarin akwai wani Bazabarme a jirgin da masassara ta kama, yana rawar sanyi, sai Sahabi ya tuɓe rigarsa ya ba shi. Wannan bawan Allah muka binne, har yau ba mu san sunansa ba. Shi kuwa gefen jirgi ya fasa masa kai, masuntan wata tunga a gefen Dahome suka tsamo shi. Ya yi watanni bai san ko sunansa ba. Da hankali ya dawo ya kamo hanyar gida. Kusa da Illo ya ci karo da wani ɗan garinmu, mutumin ya yar da kaya ya ruga cikin daji. A mashiga wata baƙuwa da ba ta san shi ba ta ba shi labarin kansa: an binne Sahabi, matarsa ta auri abokinsa tela. Duk da haka ya ƙetaro, ya ja malfa ya rufe fuska, ya shigo gari ya tarar ba kowa, ana can ana kiɗa.

"Na tahi gidanmu, Iya ba ta nan. Ƙahwa ta kai ni gidanka. Na gan ta kwance, ga tsamiya cikin ƙoƙo kusa gare ta, ga kaskon amai. Na gane. Ta buɗe ido ta dube ni, ba ta ce komi ba, ba ta ko motsa ba. Na ce ashe ba a son ganina. Gara in zamna matacce."

Ashe duk watannin nan Kulu gaskiya take faɗi, ni ina kawo mata labarin kada da kura. Na gaya masa halin da take ciki, ramar, da rashin barcin, da abin da maƙwabta ke cewa. Ya ajiye basilla, ya rufe fuska da hannu biyu.

"Ka koma ka ce mai kama da ni kag gani," in ji shi da ya ɗago. "Ka ba ta wani suna. Za ta yarda da kai. Ka riƙe ta amana, ni na yahe."

A hanyar dawowa Nomau ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Na fara gaya wa Inna a zaure. Ta dafe ƙirji ta zauna a ƙasa, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Wanda anka yi wa salla ya mutu. Shi da bakinai ya ce ya yahe. Kana da mata, kana da ɗa tahe. Mi kake nema?"

Na bar ta a zaure. Na shiga ɗaki da azahar da niyyar faɗin abin da Sahabi ya ce in faɗa, har na zaɓi sunan da zan bayar. Na tarar barci ya ci ƙarfin Kulu, tana kwance idonta a buɗe yana kallon rufi, hawaye na gangarawa cikin kunnenta, ƙirjinta na ɗagawa da ƙyar. Na taɓa ƙafarta, ta ja dogon numfashi ta dawo. Ta juyo ta dube ni.

"Ka gan shi?"

Na buɗe baki da ƙaryar a kan harshena. Sai na ga in na faɗe ta, zan bar matar nan ta mutu tana zaton ta haukace, kuma in ci gaba da kwana da matar mutumin da na san yana numfashi. Na ce na gan shi, yana da rai, kuma ranar biki shi ne ya tsaya a bakin ƙofa.

Ba ta yi kuka ba. Ta tashi zaune a hankali, ta dubi ƙofar ɗakin ta daɗe tana dubanta.

"Ashe ban haukace ba," in ji ta.

Sai ta miƙa hannu ta jawo mayafi ta rufe kanta a gabana, kamar yadda take yi in baƙo ya shigo. Ta ɗauki tabarmarta ta koma ɗakin Inna. Wannan ya girgiza ni fiye da abin da na gani a kasuwa.

Ni na koma na zo da Sahabi. Da muka shigo gari da rana tsaka, layin kasuwa ya watse kamar an saki kura. Mahauta suka bar nama a kan tebur. Muka isa ƙofar Iya Tumba, ta leƙo, ta koma ciki ta sa itace ta tokare ƙyaure.

"Ɗana yana kushewa," muka ji muryarta daga ciki. "Arzika, ka mai da abin ga inda kaɗ ɗauko shi."

Ya durƙusa a bakin ƙofar yana kiran "Iya", bai ɗaga murya ba. Ba ta buɗe ba. Daga baya takan aiko masa da tuwo, amma har suka rabu ba ta yarda fatarta ta taɓa tasa ba.

Alƙali ya zauna a kan maganar da liman da dattawa. Ya ce tunda labarin mutuwar ba gaskiya ba ne, igiyar Sahabi ba ta taɓa tsinkewa ba. Aurena ya warware, ba laifi a kan kowa, cikin kuma nawa ne, Kulu ta zauna wajen Inna har ta sauka. Sahabi ya ce in tana so zai sake ta a nan take, ta yi idda ta koma ɗakinta a gidana. Aka tambaye ta daga bayan zana, ta ce a bar ta ta haihu tukuna.

Watannin nan na ƙarshe a shago nake kwana. Ciniki ya ja baya, don wasu sun ce na taɓa matacce. Shi kuwa Sahabi ya fi ni shan wuya. In ya shiga sahu sai a bar gurbi dama da hagu, in ya miƙa hannu sai a yi kamar ba a gani ba. Ni kaɗai nake cin abinci da shi a akushi ɗaya, a ƙofar shago inda kowa zai gani, ko da yake Allah ya sani wani lokaci lomar da ƙyar take wucewa.

Aka haifi Bello da farkon damina, lafiya lau. Bayan arba'in Kulu ta aika a kira ni, Inna na zaune a gefe. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba.

"Ba ka yi min komi ba sai alheri. Da ka so, da ka rufe ni cikin duhu har in mutu, ba wanda zai sani. Amma shi na hwara sani. Na yi mai kuka, na yi mai takaba, ga shi uwatai ta guje shi, gari ya guje shi. In ni ma na guje shi, to an binne shi ke nan da gaske. Ka yahe min."

Inna ta tashi ta fita. Na ce babu abin yafewa.

Zaman Bagudo bai yiwu musu ba, suka shirya komawa tungar da ta tsamo shi. Jariri na nono, dole ya bi uwarsa. An ce in an yaye shi za a kawo mini, amma da lokacin ya yi na je na ga yadda yake maƙale da su biyun, na dawo ni kaɗai. Wannan ni na zaɓa, kada ku ɗora wa kowa.

Ranar tafiyarsu ni da Nomau kaɗai muka raka su mashiga. Gulbi ya fara cika, ruwan ja. Na riƙe Bello har aka gama loda kaya, mai jirgi ya fara ƙorafi. Sahabi ya rungume ni, ya shiga ya zauna a can gaba ya ba mu baya. Kulu ta miƙo hannu na ba ta yaron, ta goya shi, ta gyara zani. Har ta sa ƙafa ɗaya a jirgi ta juyo, fuskarta ta ciko, ba kamar da ba.

"Baban yaro," in ji ta, "jiya na yi barci har rana ta hito. Na ce in gaya maka."

Na ce alhamdulillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Mai jirgi ya tura gora. Na tsaya ina kallon ɗan kan da ke leƙowa daga goyo har suka kai tsakiyar ruwa. Nomau ya taɓa kafaɗata ya ce in hau ya kai ni gida. Na ce ya tafi, zan taka da ƙafa.